Shingen da Ya Yi Ganye

A can da, lokacin da dajin garinmu yake da duhu, samari kan yi wa tsofaffi gayyar shinge kafin damina. Su sare itatuwa su kafe, gara ta cinye, baɗi su sake sarewa.

Wata shekara aka je gonar wata tsohuwa makauniya. Wani saurayi ya ƙi sare itace. Ya yanko ɗanyun rassan cediya, ya kafe su a gefen da aka ba shi.

Abokansa suka bushe da dariya, suka ce, "Wannan shinge ne ko tsinke?"

Tsohuwa ta shafa rassan, ta ce, "Ɗana, awaki za su cinye mini wake."

Ya ce, "Inna, ni zan tsare miki."

Kullum sai ya zo da tulu, ya ba rassa ruwa, ya kori awaki. Ranar dambe ma, da abokansa suka tafi kallo, ya zo da tulu, ya ba rassa ruwa, ya kori awaki.

Da shekara ta zagayo, gara ta cinye shingen kowa, nasa kuwa ya yi ganye. Da ya yi inuwa, tsohuwa ta zauna a gindinsa, ta ce, "Ɗana, ban gan shi ba, amma ina jin sanyinsa."

Tsohuwa ta rasu tuntuni, saurayin ma ya bi ta, dajin kuma ya ƙare. Cediyoyin nan ne kaɗai suka rage, kuma har yau duk wanda rana ta kora, can yake fakewa.