Darasi a Soron Alhaji Shehu

Takalmansa ta fara gani.

Bahijja ta tsaya cak a ƙofar gidan Alhaji Shehu, riƙe da kwanon alkakin da aka aiko ta da shi. Ko cikin takalma dubu ba za ta kasa gane waɗannan ba, don Fa'izu ne ya ɗinka su da hannunsa a rumfarsa ta dukanci da ke Jakara. Fa'izun da iyayensa suka kai gaisuwa gidansu wata biyu da suka wuce!

Ƙamshin turaren wuta ke fitowa daga soron, tare da muryar Sa'ida 'yar mai gidan, malamar firamare, tana wani lanƙwasa harshe.

"A'a Malam Fa'izu, ba adabanteji ba... advantage. Fifikon da jakarka ta yi wa ta wani ke nan. Benefit kuwa, alherin da mai saye zai samu in ya riƙe ta."

"To useful fa?"

"Na kaya ne, abu mai amfani. Mutum mai taimako kuma helpful ake ce masa." Ta yi 'yar dariya. "Kamar ni."

Bahijja ta faɗa soron ko sallama babu.

Sabuwar darduma aka shimfiɗa masa. Ga zoɓo mai sanyi da kofi biyu, ga Sa'ida ta sha jan baki da mayafi shara-shara.

"Bahijja!" Fa'izu ya miƙe zumbur. "Karatu ne wallahi..."

"Na gani. Har da turare ake karatun."

"Haba 'yar uwa," in ji Sa'ida tana gyara zama, "taimakonsa nake yi. Ke ai ba ki da lokaci."

"Allah ya saka miki, Malama. Ga saƙon Hajiya."

Ta dire kwanon ta fice. Sai da ta sha kwanar lungunsu a Gwale sannan ta bar hawayen suka zubo.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, baƙin 'yan kasuwa sun fara dawowa neman kayan fata. Akwai wani daga Legas da zai zo ranar Alhamis, ba ya jin Hausa ko ta sannu, kuma Fa'izu na son ya iya yabon jakunkunansa da bakinsa. Niyyarsa ke nan, ba ƙari. Amma wauta ce, don duk ɗan cikin birni ya san saurayi ba ya zama a soron budurwa bayan la'asar, kan darduma, ya ce wai karatu ya zo. Unguwa ba ta jin abin da ake faɗa a ciki, takalmi take gani a waje.

Sa'ida kuwa ta san haka sarai. Gwaggonta Kande ce ta bi gidajen suna da na biki tana cewa, "Ai 'yarmu ta yi baƙo, sau uku ke nan." Da maganar ta kai kunnen Alhaji Shehu, sai ya yi abin da kowane uba mai mutunci zai yi. Ya aika a gaya wa yaron ya turo magabatansa.

A masallaci Malam Ilu, mahaifin Bahijja, ya ji. Ya shigo gida fuska a ɗaure.

"Ni ba na ba da 'yata ga mai zama a soro biyu. Ranar Juma'a za a mayar musu da kayansu."

"Baba..."

"Kin ji na nemi shawararki?"

Kwana biyu Bahijja ba ta ci abin kirki ba. Ta rufe ido ta ga kofi biyun nan, ta buɗe ta ji dariyar nan. Da Fa'izu ya aiko yana son ganinta, sai da mahaifiyarta ta roƙi Malam sannan ya yarda, da sharaɗin shi Malam ɗin yana zaune a dakalin waje.

Ko tabarma ba ta kawo wa Fa'izu ba.

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara kirana haka! Na gama sakandare ko ban gama ba?"

"Kin gama."

"Turancin da ta iya, ni aljanu suka kwashe nawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka yi magana mana!"

"Kunyarki nake ji, Bahijja." Muryarsa ta yi ƙasa. "Aji huɗu na firamare na yi aka kai ni rumfa. Ita in ta yi mini dariya, ba ta dame ni ba. Ke in kika yi, ban san inda zan sa kaina ba."

Zuciyarta ta karaya, amma kishin bai sake ta ba. Ashe abin da ya ɓoye mata shi ya ɗauka ya kai wa wata!

"Ranar Alhamis ita za ta yi maka tafinta?"

"Haka muka shirya."

"To ka zaɓa. In ta taka ƙofar rumfarka, ni da kaina zan ɗaure kayan da za a mayar."

"Cinikin shekara ne fa..."

"Na sani."

Washegari Fa'izu ya ɗauki baffansa Jibrin suka je gaban Alhaji Shehu. Ya durƙusa ya faɗi gaskiya cewa karatu kawai ya kawo shi, ba neman aure ba, ya sha faɗan da bai taɓa sha ba. Sa'ida ta leƙo ta taga ta ce, "Sai mu ga wanda zai yi maka Turancin!"

Ranar Alhamis baƙon ya zo. Ya juya jaka, ya shinshina fatar, ya tambayi abin da ta fi ta sauran rumfuna da shi. Fa'izu ya buɗe baki, kalmomin nan duk suka gudu. Ya ce "useful" sau uku, gumi na zuba. Baƙon ya yi murmushi ya wuce rumfar maƙwabcinsa Maharazu.

Da la'asar ya iso Gwale, idanunsa jajur. Malam Ilu, wanda labarin ya riga ya iske, ya dube shi sama da ƙasa.

"An ce ka bar ciniki ya wuce."

"Haka ne, Baba."

"To ka gaya wa Jibrin ya zo bayan sallar Juma'a a sa rana. Shiga."

Bahijja na tsaye a soro, mayafinta jiƙe da hawaye.

"Ni na jawo maka..."

"Wani baƙon zai zo." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Za ki koya mini? Ko za ki yi dariya?"

"Zan yi. Kuma haka za ka haƙura."

Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya.

"Akwai rubutun hannunta a littafin darasinka?"

"Shafi biyu ne kawai..."

"Ka sayo sabo."