Tanderun Sahura

"Fiza? Minene kuma fiza?"

Inna Safara'u ce ta yi tambayar, tana zaune a gindin darbejiya tana watsa wa agwaginta dusa. Ba ta ko dubi surukarta Sahura ba, wadda ke durƙushe gefe da kwanon fura. Dama ba ta cika dubanta ba, sai dai ta wutsiyar ido.

Zayyad, autan Inna kuma mijin Sahura, ya gyara tsugunno. "Gurasa ce, Inna, amma ta Turawa. Ana shafa mata tumatir, a sa nama da cuku, a gasa. Sahura ta koyo a Gusau, kuma ma'aikata na ta tambaya ta waya. Tanderu kawai muke so mu gina cikin lambu, bayan gida."

Habsu, yayarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida, ta kwashe da dariya har tana dafa bango.

"Ikon Allah. Wai ɗiyar 'Yargalma ce za ta koya ma Gummi cin abincin Turawa. To wa zai saye? A ci a kwanta asibiti?"

"Ku gina," in ji Inna tana taɓe baki. "In ya so ku cinye abinku ku biyu."

Sahura ta ajiye furar ta tashi ta koma ɗakinta. Ta saba. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan ake yi mata kallon abin ƙyama, don kawai a ƙauyensu ne gubar dalma ta kashe yara tun tana ƙarama, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gidaje. Inna ta ce gubar na cikin jininta. Habsu ta ware mata kofi ɗaya na roba, shuɗi, ta rataye shi a ƙusa nesa da randa, wai kada a haɗa baki da ita. Da cikin Sahura ya fito, sai suka ƙara da cewa Allah kaɗai ya san abin da za ta haifo musu. Abin dariya kuwa, benen da suke taƙama da shi da tayil ɗin da Habsu ke gogewa tana yanga, duk da zinarin nan aka yi su, domin babban wansu Alhaji Makau dillalin zinari ne, yana da injinan niƙa da wurin wankin zinari a dajin Anka. Zinarin suna so, mutanen da ya kashe wa 'ya'ya ne ba sa so.

Zayyad kam yana son matarsa, so na gaske. Kullum ya taso daga makarantar da yake koyarwa sai ya tuɓe riga ya shiga lambu. A tsakanin gwaiba da kwamin tumatir ya ɗaga dakali da bulo, ya shimfiɗa jan bulo a samansa, inda gurasar za ta zauna. Sahura na riƙe da waya tana nuna masa bidiyo, yana yi tana gyara masa.

"Malam, layinka ya karkace fa."

"Madam, ke dai ki tanadi kwastomomi, injiniya ya san aikinsa."

Abin da ya rage shi ne rufin, mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Shi kuwa sai an kwaɓa yumɓu da yashi mai laushi da ƙaiƙayi, in ba haka ba wuta ta tsaga shi. Suna cikin neman yashin ne labari ya kai kunnen Alhaji Makau.

Ran Asabar da hantsi sai ga tifa ta ja da baya ta ƙofar lambu, ta zazzage tulin ƙasa mai toka-toka. Alhaji Makau ya fito daga motarsa yana gyara babbar riga, Inna da Habsu suka biyo shi suna washe baki.

"Ga gudummawata," ya ce da Zayyad. "Daga wurin wankina anka ɗebo. Inji ya niƙe shi, ya fi garin tuwo laushi. Ƙasar da zinari ya kwana ciki ce za ka gina tanderu da ita, ba tarkacen gulbi ba."

"Allah shi ƙara arziki, Alhaji," in ji Inna. "Wasu dai ko a mafarki ba su ga irin wagga kyauta ba."

Sahura ta fito da ruwan baƙo. Da idonta ya faɗa kan tulin, sai ta ajiye ruwan a gefe. Ta san launin nan. A cikin irinsa ta yi wasan 'yar tsana, a cikin irinsa ƙanenta ya yi rarrafe. Ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya Alhaji, mun gode, Allah shi saka da alheri. Amma don girman Allah a kwashe shi. Wannan ƙasar ba ta zama inda mutane ke kwana, balle a gasa abinci cikinta."

Alhaji Makau ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Zayyad, matarka ce ke maido mani kyauta? A gaban direbana?"

"Yaya, ba haka take nufi ba—"

"Ke har kin isa ki ƙyamaci wani abu a gidan ga?" Habsu ta katse shi. "Mu da munka daure munka zauna da ke? In akwai guba a nan, ai ga ta nan durƙushe da ɗankwali."

Alhaji Makau ya shiga mota ya buga ƙofa. Inna ta bi ƙurar motar da ido, sannan ta juyo.

"Ko ta bi shi har gida ta ba shi haƙuri, a gina tanderu da wannan yashi, ko kai ka ba ta takardarta. Ban haihi ɗan da mace za ta raba shi da wansa ba."

A ɗaki Zayyad ya sami Sahura tana kuka. Shi kansa ransa a ɓace yake.

"Sahura, kin kunyata Yaya. Yaransa kullum cikin ƙasar nan suke aiki, ga su nan garau."

"Manya ne, Malam. Yara take kamawa." Ta share ido da gefen mayafi. "Ƙanena Dabo yana koyon tafiya. Agwaginmu sunka fara mutuwa, fukafukansu su saki, wuyansu ya lanƙwashe, munka ce ciwon kaji ne. Bayan su sai Dabo ya fara jijjiga. A cinyata ya cika, innarmu ta tafi neman mota. Haƙuri zan ba Yaya ko sau nawa ake so. Amma ba ni gasa wa ɗan kowa abinci cikin wannan ƙasar, kuma ba ni haihuwa kusa da ita."

Zayyad ya daɗe yana kallon cikinta. Bai taɓa jin yadda Dabo ya rasu ba, don bai taɓa tambaya ba, kuma kunyar hakan ta kama shi. Ya tashi ya koma wurin Inna, ya durƙusa.

"Inna, ki dake ni, ki zage ni, duk na ɗauka. Amma ban sakin matata, kuma ban gini da yashin nan."

"To ta bar mani gida. Yashi kuwa yana nan, wanda ya taɓa shi ban yafe ba."

Washegari ya ɗauki Sahura zuwa Bukkuyum, inda mahaifiyarta Dije ke zaune yanzu. Kafin su fita ta tsaya a bakin ƙofar Inna.

"Inna, na tafi, a yafe mani. Don Allah a tsare agwagi da yara daga lambu."

"Ji likita," in ji Habsu. "Allah shi raka taki gona."

Zayyad ya dawo ya lulluɓe tulin da tamfol. Inna ta yaye tamfol ɗin ta shimfiɗa shi gefe ta shanya kuɓewa a kai, don dai ya san wa ke da gida. Tanderu ya tsaya ba rufi, ciyawa ta fara fitowa a gindinsa. Duk Juma'a Zayyad na hawa mashin zuwa Bukkuyum da tumatirin lambu a buhu, ya dawo ya tarar an ɗaure masa fuska. Har 'yan mata aka riƙa turo masa da sunan kawo saƙo, shi kuwa sai ya amsa gaisuwa ya wuce. Sahura ba ta taɓa ce masa ya bar gidan uwarsa ba. Kullum tambayarta ɗaya ce, ko an kwashe yashin.

Sai damina ta zauna. Ruwa ya wanko tulin ya yi tabki a kwarin lambu, agwagin Inna suka samu wurin wanka. Inna kuma ta ƙudurta sai ta nuna wa duniya yashin ɗanta ba shi da aibi, ta sa Habsu ta cika manyan robobi da shi ta ajiye a barandarta, wai za a yi wa ɗakin baya sabon daɓe. A kwanakin ne matar Alhaji Makau ta tafi Sakkwato jinyar mahaifinta, aka kawo wa Inna jikarta Hamida, mai rarrafe, wadda Inna ke ji da ita kamar ranta.

Agwagwa ta farko ta mutu, Habsu ta ce sanyi ne. Ta biyu da ta uku suka bi, Inna ta ce maƙiya ne suka yi mata baki, har ta ambaci Bukkuyum. Ran da ta fito da safe da kwanon dusa ta tarar da babban toron agwaginta, wanda take kira Sarki, ya saki fukafukai cikin laka, wuyansa a lanƙwashe, ya kasa ko ɗaga kai, sai ta tsaya cik. Maganar da Sahura ta yi mata a bakin ƙofa ta dawo mata. Ta juya da sauri.

Hamida na zaune a baranda, ta kama bakin roba ta miƙe, hannunta dumu-dumu da tokar ƙasar, tana tsotsa tana dariya.

Kwanon dusa ya faɗi. "Zayyad! Zayyad, taho da mashin!"

A asibiti aka ɗebi jinin yarinyar aka aika gwaji. Da sakamako ya fito likita ta ce akwai dalma, amma Allah ya sa an zo da wuri, za a ɗora ta kan magani. Ta tambayi wa ya ankarar da su. Inna ta sunkuyar da kai don kunya. Alhaji Makau, da aka kira ya taso daga Anka, ya jingina da bango babbar rigarsa na jan ƙasa, bai iya duban kowa ba. Da kansa ya tsaya aka kwashe tulin, aka kankare ƙasar lambu aka zuba sabuwa, kamar yadda ma'aikatan lafiya suka ce. Habsu kuwa bakin nan da ba ya hutawa sai ga shi ya mutu murus.

Biko aikin miji ne da 'yan uwansa maza, amma Inna ta ce ita za ta je. Ta saka wani abu cikin jakarta, suka hau mota.

Dije ta shimfiɗa musu tabarma, ta gaishe su da mutunci kamar ba abin da ya faru. Sahura ta fito da tsohon ciki ta durƙusa da ƙyar.

"Inna, sannu da hanya. Ya jikin Hamida?"

Inna ta matso kusa da ita. Ta buɗe jaka ta fiddo kofin roba shuɗi, wanda ya shekara a ƙusa nesa da randa. Ta miƙa mata.

"Ɗebo ruwa, ɗiyata. Ki fara sha."

Sahura ta ɗebo, ta kurɓa. Inna ta karɓa, ta juya kofin daidai inda bakin Sahura ya taɓa, ta shanye sauran tas. Hawaye na bin fuskarta.

"Na raina ki, na raina garinku, na raina mamacinku. Ashe da kukan da kunka yi ne za a ceci jikata. Ki yafe mani, ki dawo ɗakinki."

"Ba komai, Inna. Ni dama ban riƙe ki ba."

Da yashin gulbi da yumɓun fadama Zayyad ya rufe tanderun. Ya bar shi ya bushe a hankali, ya riƙa hura masa 'yar wuta kaɗan-kaɗan har ya gasu. Ranar sunan ɗansu aka fara gashi, Zayyad ne a bakin wuta, Sahura na ba shi umarni ta taga. Habsu ce ta raba wa mata, ba wanda ya sa ta. Inna ta gutsuri nata ta tauna.

"Gurasa ce dai," ta ce. "Ƙaro mani."

Sunan yaron Dabo, kuma Inna ce ta zaɓa.

Haƙurin Sahura bai zama na yin shiru a kan abin da zai cutar da mutane ba, ta jure zagi, amma ta faɗi gaskiya ta tsaya a kanta, shi ya sa Allah ya mayar mata da gidanta da mutuncinta. Wanda duk masifa ta taɓa faɗa wa, kada ka yi masa kallon ƙazanta. Ka zauna ka saurare shi, don abin da ya binne nasa a kansa yana iya kasancewa a barandarka.