Yarinyar da Ta Kifa wa Wake Ƙwarya

A can wani zamani, a wani ƙauye, wata tsohuwa ta ba jikarta ƙwayar wake uku. Ta ce, "Irin gidanmu ke nan da ya rage. Idan ya mutu, shi ke nan."

Yarinya ta shuka a bayan ɗaki. Da waken ya tsiro, sai ta tausaya masa saboda zafin rana, ta kifa masa ƙwarya.

Bayan kwana biyu ta ɗaga ƙwarya ta leƙa, ganye ya koɗe. Bayan kwana huɗu ta ɗaga ƙwarya ta leƙa, ganye ya zama rawaya, kara ya langaɓe. Tsoro ya kama ta. Ta daka zogale, ta shafe waken da ruwansa, sannan ta kira kakarta.

Tsohuwa ta shafa ganyen, ta dubi yatsanta ya yi kore, ta dubi jikarta.

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Kaka, ni na shafa masa zogale. Rufe shi na yi don kada rana ta ƙone shi. To, ina korensa ya tafi?"

Tsohuwa ta ce, "Yunwa kika sa masa, 'yar nan. Da koren nan ganye yake kama hasken rana ya haɗa abincinsa. A duhu kuwa ba ya yin koren."

Yarinya ta ɗauke ƙwarya. Kullum da safe sai ta tsuguna ta zuba wa waken ido. Ran kwana na biyar ta jawo hannun kakarta ta ɗora a kan ganye kore shar.

Tsohuwa ta shafa, ta ƙara shafawa, ta dubi yatsanta. Babu komai a kai.