Murfin da Ya Faɗa Cikin Inji

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai yawan tambaya. Har kakanta ya sa mata suna Uwar Tambaya.

Kakan tsohon makaniki ne. Yana da wata koriyar mota da ta girmi babanta. Yana son ta ƙwarai, amma motar ta fara ba da wahala. Duk inda ta tsaya sai ta zubar da jan ruwa.

Wata rana Baba ya ce wa Kaka, "Wannan ne gyara na ƙarshe. Idan ta sake tsayawa da kai a hanya, 'yan gwangwan za mu kira su saye ta."

Yarinyar kuwa ta ji zafin maganar.

Ranar Asabar ta sami Kaka a gareji, kansa a cikin inji.

"Kaka, daga ina ruwan yake zuba?"

Ya haska mata tocila. A gefen injin akwai ƙananan murafai uku na ƙarfe, kamar murfin kwalba. Duk sun yi tsatsa.

"Me suke rufewa?"

"Ƙofofi. A bayansu ruwa yake zagayawa yana sanyaya inji."

"To wa ya huda ƙofofin?"

"Waɗanda suka ƙera injin. Da yashi suka yi masa siffa, suka zuba narkakken ƙarfe. Ta nan suka fitar da yashin."

"Yashi a cikin mota?"

"Ke, Uwar Tambaya, bar ni in numfasa!"

Ya ɗora sukundireba a kan murfi na farko, ya buga da guduma. Murfin ya karkace. Ya kama shi da filaya ya zaro.

"Zan je shago in karɓo sababbi," in ji shi. "Ki duba, amma kada ki taɓa."

Da ya fita, ta duba. Ta sake dubawa. Hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ai aikin ba wuya, bugu ɗaya ne kawai! Ita da take tambayar komai, yau ba ta tambayi inda ake bugawa ba.

Ta sa sukundireba a tsakiyar murfi na biyu. Ta buga da ƙarfi.

Ƙwal! Murfin ya shige ciki, ya ɓace.

Ta leƙa ramin, duhu kawai. Ta ajiye guduma a inda ta ɗauka, ta zauna a kan tsohuwar taya.

Kaka ya dawo. Ya ga ramuka biyu, ya sosa kai.

"Kai, tsufa! Ashe biyu na cire? Na ɗauka ɗaya ne."

Ta kawar da kai.

Ya goge bakin ramin farko, ya shafa gam, ya buga sabon murfi. Sannan ya koma kan rami na biyu.

"Kaka," ta ce a hankali, "idan tsohon murfi ya faɗa ciki, me zai faru?"

"Zai iya tare hanyar ruwa. Inji ya yi zafi, mota ta mutu a hanya."

Ya ɗora sabon murfin. Ya ɗaga guduma.

"Tsaya, Kaka!" Hawaye suka zubo mata. "Ba kai ka cire ba. Ni ce na buga, ya faɗa ciki."

Kaka ya sauke guduma.

"A ina kika buga?"

"A tsakiya."

"A gefe ake bugawa, don ya karkace. Na ce kada ki taɓa, kin taɓa. Yau babu wasa. Tare za mu nemo shi."

Ya ɗaure maganaɗisu a bakin waya ya ba ta. Ta zura, ta lalubo, ta zaro. Tsatsa kawai. Ƙawayenta suka zo kiranta wasa, suka tafi. Wuyanta ya ƙage, baƙin mai ya ɓata mata riga.

Can da yamma ta ji wayar ta yi nauyi.

"Kaka, na kama wani abu!"

"A hankali. Kada ki yi rawar hannu."

Gefen murfin ya leƙo. Kaka ya cafke shi da filaya, ya murɗa, ya fito da shi.

"Ga ɓarawon!" in ji shi. Suka yi dariya.

Sai ya miƙa mata guduma. "Saura na uku."

"Ni?"

"Ke. Amma me za ki fara yi?"

"Tambaya. A ina zan buga?"

Ya nuna mata gefen. Ta buga, murfin ya karkace sumul.

Da suka gama buga sababbin murafan, suka cika lagireto da ruwa. Kaka ya tayar da mota. Baba ya fito, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ko ɗigo babu.

"Wa ya yi wannan aiki?" ya tambaya.

"Mu biyu," in ji Kaka. "Ita ta ɓata, kuma ita ta ceci motar. Da ta yi shiru, da na rufe ramin da hannuna."

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa kallo kaɗai ba ya koyar da aiki, sai an tambaya. Kuma idan ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.