Fitilar Kifin Tagulla

Abin da marigayiya Leah ta bar wa mijinta Japhet shi ne wata fitila, kifin tagulla mai lagwani a baki. Ya kai ta kasuwar Zuru neman asalinta, masana komai suka kasa gane ta.

Da magariba, a hanyar Dabai, fitilar ta kama da kanta a hannunsa. Ga wani tsoho cikin kakin soja, takalmansa na ɗigar ruwa da tsakar rani.

"Daga yaƙin Bama, zamanin Turawa, na kawo ta," in ji tsohon. "Suruki, golmo, noman neman aure, shekara bakwai ne. Shida ka yi mini, ka ɗauke 'yata."

Muryar uban Leah ce, wanda Japhet da kansa ya haƙa wa kabari.

"Ɗauko fartanyarka, mu je."