Makullin da Ya Cire

Ranar da ya fara aiki a ofishin bayanan asibitin, ko zama bai yi ba wata budurwa da ke aiki a wurin ta ɗago kai ta ce, "Malam, doka ɗaya ce a nan. Kowane majinyaci yana da lambar da babu mai irinta, ita ce babban makulli. Duk wani gwaji ko gargaɗi dole ya riƙe lambar mai shi, wannan shi ne makullin haɗi. Kada ka kuskura ka taɓa shi."

Bawan Allah, ko rabi bai ji ba, idanunta yake kallo. Kafin wata ya ƙare yana ce mata Makullina, ita kuma tana ce masa Sarkin Gaggawa.

Da maganar aure ta taso, babanta dai bai yi na'am ba. "Yaron nan garaje gare shi," in ji shi. "Hankalina bai kwanta ba."

Sai ga aikin kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabuwar kwamfuta. Kwamfutar ta yi ta ƙin karɓar wasu layukan bayanai, wai lambobinsu ba su dace da kowa ba. Shugaban sashe, wanda shi ma ya daɗe yana son budurwar, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Cire makullin haɗin mana, aiki ya wuce."

Ya cire. Komai ya shige salin-alin, amma ransa bai so wannan shirun ba.

Kwana uku bayan haka aka kwantar da babanta a asibitin, za a yi masa tiyata da azahar. Da hantsi zuciyarsa ta ce ya duba. Layuka ɗari da bakwai sun zama marayu, ba su maƙale da kowane majinyaci ba. A cikinsu har da gargaɗin cewa akwai allurar da jikin Baba ba ya ɗauka. Fayil ɗinsa kuwa an riga an buga, an kai ɗakin tiyata, babu gargaɗin a ciki.

Ya ruga ya faɗa wa shugaba.

"Ja bakinka," in ji shugaba. "Ka faɗa, aikinka da aurenka sun tafi."

Duk da haka ya tura mata saƙo: "Makullina, na taɓa abin da kika hana. Ki tsayar da su, kada a yi wa Baba allura. Ko za ki fasa aurena, ki tsayar da su."

Ko da ta isa ɗakin tiyata, nas ta riga ta zuƙo allurar. Da ƙyar ta tsayar da ita.

An kore shi, shugaba ma ya bi bayansa. Ita da kanta ta bi ragowar ɗari da shidan ta mayar da kowanne ga mai shi. Mako biyu ba ta amsa kiransa ba, duk ya rame. Sannan saƙonta ya shigo: "Sarkin Gaggawa, Baba na nemanka. Ka zo a hankali."

Da ya je, Baba ya dube shi. "Garajenka ya kusa kai ni kabari, ɗana. Amma ka tona kanka don in rayu. Na ba ka ita, Allah ya yi muku albarka."

Ranar da ta tare, a bakin ƙofa ta tsaya. "Malam, doka ɗaya ce a gidan nan."

"Faɗe ta," in ji shi. "Wallahi wannan karon ina saurare."