Jirgin da Gwaggo Furera Ta Raba

A ƙarƙashin tebur Lai'atu ta fara ganin Timoti, kuma ƙeyarsa ta fara gani kafin fuskarsa.

Wani likitan asibitin mishan ne zai koma ƙasarsu, ya baje kayan gidansa ana saye. Ita tukunya ta zo tayawa, sai ta ji murya daga ƙasa.

"Ɗiyar mutane, don Allah ɗan ɗaga ƙahwarki."

Ta ɗaga. Ya tsinci wani ɗan jan abu na roba da bai kai ƙwayar gujiya ba, ya hure shi ya sa aljihu. Da ya ɗago suka haɗa ido, sai bawan Allah ya manta da tashi. Ita ma ta koma gida ba tukunya.

Sana'ar Timoti ke nan. Yana sayen 'yan tubalan roba da yaran Turawa ke gina gidaje da motoci da su, ya wanke, ya haɗa kowane da 'yan'uwansa, ya kai wa ma'aikata a Madawa da Tawa. A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa kayan waje sun yi tsada, kasuwarsa ta buɗe. Doka ɗaya ce a sana'ar: in guda ya ɓata, sauran sun zama tarkace.

Soyayyarsu a cikin littafin waƙoƙin coci ta yi girma. Ranar koyon waƙa sai Lai'atu ta buɗe nata ta tarar da 'yar takarda: "Lai tawa, jiya na haɗa gida mai bene, na rasa wadda zan sa ciki. Naki, Timo."

Ita kuma ta mayar: "Mai tubali, ni ba ni shiga gidan da akuya ka iya haɗiyewa. Amma ina sonka."

Mahaifinta, Malam Kalla, manomin albasa ne kuma dattijo a ikilisiya, mutum mai magana ɗaya. Da labari ya kai masa, ko ɗagowa bai yi daga buhun da yake ɗinkewa ba.

"Ƙato da gemu shina wasan yara? Ga Majo Yoshuwa nan, da albashi da moto, mutum awa mutum."

Majo Yoshuwa malamin jinya ne a asibitin, kuma ya san da wannan magana, don haka kullum da la'asar sai ya bi ta ƙofar gidan yana ba moton nan, wato babur ɗinsa, wuta.

Ana haka Timoti ya dace da abin da bai taɓa samu ba: kwalin tubalan gina jirgin ruwa sabo fil, ko liƙin bakinsa ba a ɓare ba. Wani Bature mai aikin gyaran ƙasa a Keita, mai tara irin waɗannan kaya, ya ce zai saya da daraja muddin ba a buɗe ba. Timoti ya sayar da kekensa ya haɗa da duk abin da ya mallaka ya karɓo. Da shi yake son ya nuna wa Malam Kalla sana'a ce yake yi.

Sai dai damina ce, ɗakinsa na yoyo, ga gara. Ya kai wa Lai'atu ajiya, ya miƙa mata a ƙofar gida, ta sa a kan gadon innarta ta tafi lambu.

Abin da ba su sani ba, Gwaggo Furera, yayar Malam Kalla, ta zo daga Babankatami, kuma ta ga miƙawar da idonta. Ita ko a saninta, abin da saurayi ya fara kawowa gidan budurwa na dangi ne, rabawa ake yi gida-gida don kowa ya shaida. Ta sa wuƙa ta farke kwali. Da farko ta zaci alawar Turawa ce, har ta gwada haƙori. Da ta ga ba ta tauno, ta ce ko ma mene ne kado ne, wato kyautar neman aure, ta ƙulla a ledoji ta aika wa dangi. Ranar kasuwa ce, motoci suka ɗauka har Buza.

Da Lai'atu ta dawo ta ga kwali wayam, sai ta ɗora hannu a ka.

Malam Kalla kuwa ya yi fushin da ba a taɓa gani ba. An shaida wa dangi abin da shi bai amince da shi ba.

"Ban karɓa ba," ya ce. "Zan bi gida-gida in tattaro. In sun cika in maida mishi abinai, zance ya mutu. Ni Kalla ba a cewa na maida kayan mutum da giɓi."

Majo Yoshuwa da kansa ya ba da moto, har da mai.

Ranar Lahadi bayan sujada suka tsaya a bayan coci, idanun Lai'atu sun kumbura.

"Na kashe ka, Timo. Jarinka dut."

"Bar zancen jari, Lai tawa. Baturen ya ji an buɗe, ya ce ba shi so. Wancan ya wuce."

"Mi ya hana ka hwaɗi ma Baba ajiya ta ka kawo?"

"In na ce ajiya ta, na ce ban zo nemanki ba ke nan. Kuma a yi ma Gwaggo dariya da hurhurarta."

Ta waiga ta rage murya. "Baba ya ce sai sun cika. Kai ɗai ka san cikarsu. Ɓoye guda, Timo. Guda tak."

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rarrafe neman abin da ya ɓata, yau shi ne ke roƙon Allah wani yaro a Buza ya jefa nasa a rijiya.

Malam Kalla ya dawo da ƙulli a cikin buhun albasa. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida da hantsi. Fasto ya zauna shaida, Gwaggo Furera ta zauna can gefe ta cika ta yi fam, Majo ya jingina da motonsa. Lai'atu na bayan zana tana leƙe.

"Ƙaƙa za a san sun cika?" Fasto ya tambaya.

"Sai an gina," in ji Timoti.

"To gina," Malam Kalla ya ce.

Timoti ya buɗe littafin hotunan da ya zo cikin kwalin ya fara. Duk wanda ya nema sai ya same shi, wani da shatin haƙori, wani da ƙanshin miya, amma yana nan. Dangin Malam Kalla, ashe, mutane ne masu adana. Cikin jirgi ya tashi, aka kafa sanduna, aka ɗaura ƙyallaye. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka matso suna kallo, har inuwa ta bar su a rana ba wanda ya gusa.

Tarin ya ragu, ya ragu, saura ɗan sitiyarin jirgin. Yana kwance a bakin tabarma kusa da gwiwarsa. Timoti ya dafa shi, ya dunƙule hannu. Abin da ya rage kawai ya nuna hoton ya ce, ga shi, babu wannan. Ya ji numfashin Lai'atu ta cikin zana. Yana sonta son da bai san yadda zai yi da ransa ba in aka ba wani, kuma ga hanya a tafin hannunsa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya buɗe hannu, ya dasa sitiyarin a gurbinsa.

"Ya cika?" Malam Kalla ya tambaya.

"Ya cika, Baba."

Kuka ya ƙwace wa Lai'atu. Majo Yoshuwa ya gyara tsayuwa yana murmushi. Timoti ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu zai ɗauki jirginsa.

"Aje shi. Wa ya ce ka ɗauka?"

Kowa ya dubi tsohon.

"Na ga sa'adda ka dunƙule hannu. Shiru na yi in ga iyakarka. Ni albasa nika saidawa, na san masu cusa ruɓaɓɓa ƙasan buhu, na san waɗanda ba su iyawa ko za su kwan da yunwa." Ya share gumi da hularsa. "Kuma kowane gida na shiga, sai a ce Kalla yaushe buki. Bakina ya yi nauyi, cewa na riƙa yi aro za a yi a gina a gani. To an gani. Majo, ka yi haƙuri, zan biya ka manka."

Majo bai tsaya karɓar kuɗin mai ba.

"Ke kuma Hurera," ya ce da yayarsa, "tunda hannunki na ƙaiƙayin rabo, ki shirya rabon goro."

"Da ka bi ta tawa tun hwarko, da ba ka sha rana bisa moto ba," ta ce, sannan ta rangaɗa guɗa.

Da kaka, bayan an ɗaure damman hatsi, aka ɗaura aure a coci. Jarin Timoti bai dawo ba, a ƙasa ya ci gaba da zuwa cinikinsa har aka shekara. Amma ranar bikin dangi sun zo daga Buza da Babankatami, Kirista da Musulmi, kowa na cewa shi tun ran farko ya shaida.

Malam Kalla ya riƙe hannun 'yarsa ya sa a cikin na Timoti.

"Ga ta nan, cikakka na ba ka. Ubangiji shi ba ku zaman lahiya da ɗiya masu albarka."

Jama'a suka amsa da amin. Lai'atu ta matse hannun mijinta daga ƙarƙashin lulluɓi.

"Wanga karon dunƙule, Timo," ta ce a hankali. "Kada ka buɗe."